Yadda Birnin Filadalfiya Ya Mai Da Masu Ɓata Bango Masu Ƙawata Shi

Birnin Filadalfiya yana cikin tsofaffin biranen ƙasar Amurka, domin a nan ne aka sa hannu a takardar shelar 'yancin ƙasar cikin shekarar 1776. Amma baƙon da ya shiga shi a zamanin nan, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne manya-manyan zane-zanen da ke jikin bangayen gidaje da makarantu da gadoji, waɗansu tsawonsu ya kai na bene hawa takwas. Daga 1984 zuwa yau an yi irin waɗannan zane-zane fiye da 4,000, kuma asalin aikin ya faro ne daga hannun yaran da hukuma ta ke farauta.

Kafin a fahimci yadda haka ta faru, sai an dubi halin da birnin ya shiga. A ƙidayar 1950 mutanen Filadalfiya sun haura miliyan 2, amma zuwa 1980 sun ragu zuwa wajen miliyan 1.7, saboda masana'antu sun yi ta rufewa, masu hali kuma suna ƙaura zuwa bayan gari. Gidajen birnin a jere a ke gina su, bango na jingine da bango, don haka duk gidan da ya zama kango aka rushe shi, sai ya bar fili da wani ƙaton bangon maƙwabci a tsaye tsirara. Samarin unguwannin talakawa, waɗanda ba makaranta ba aikin yi, su ne suka gaji waɗannan bangaye. Sai su sami fentin gwangwani mai feshi, su bi dare suna rubuta sunayen da suka laƙaba wa kansu a kan gidaje da motocin haya da tashoshin jirgin ƙasa. Wani yaro mai laƙabin Cornbread ya yi suna da wannan tun ƙarshen shekarun 1960, har a ke lasafta shi cikin waɗanda suka fara wannan ɗabi'a a Amurka.

Afuwa Da Ladan Aiki

A watan Janairu na 1984 Wilson Goode ya hau kujerar Magajin Garin Filadalfiya, shi ne kuwa baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. Cikin shekarar ya kafa hukumar yaƙi da ɓata bango, ya damƙa ta ga Tim Spencer. Dabarar hukumar ita ce duk yaron da ya zo da ƙafarsa ya sa hannu a takardar alkawarin ya daina, za a yafe masa laifin baya. Sa'an nan sai ya yi kwanaki yana kankare bangayen da aka ɓata, bayan haka a ɗauke shi aiki a riƙa biyansa.

Cikin waɗanda aka ɗauka domin su kula da yaran akwai wata mai zane, Jane Golden, wadda ta yi zanen bango a birnin Los Anjalas a shekarun 1970. Da ta zauna da su sai ta tarar da yawansu suna da littattafan da su ke zane a ciki, sun san haɗa launi, sun kuma saba da hawa wurare masu tsawo da yin aiki a kan babban bango. Watau abin da a ke kama su a kansa, shi ne rabin sana'ar da ta ke so ta koya musu. Sai ta karɓi gwangwanin feshi ta miƙa musu buroshi, suka fara da gadar titin Spring Garden.

Abu na biyu da ma'aikatan suka koya shi ne bango yana da masu shi, ko da kango ne. Saboda haka kafin a taɓa fenti sai a kira taron mutanen unguwa, a tambaye su abin da su ke so su riƙa gani idan sun buɗe ƙofa da safe. A shekarun farko da yawa sun roƙi a zana musu duwatsu da itatuwa da ruwa mai gangarowa, abubuwan da babu su a unguwannin. Daga baya aka shiga zana mutane. A 1990 Kent Twitchell ya zana shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Julius Erving a titin Ridge, sanye da kwat maimakon rigar wasa, don yara su ga mutumin kirki da ya wuce filin wasa. An lura cewa bangon da mutanen unguwa suka zaɓi zanensa, 'ya'yansu kuma suka shafa fentinsa, ba safai a ke komawa a ɓata shi ba.

Hannuwan Grays Ferry

Tim Spencer ya rasu a 1996, a wannan shekara kuma Magajin Gari Ed Rendell ya mayar da sashen zane ƙarƙashin ma'aikatar wasanni da shaƙatawa ta birnin, aka san shi da suna Mural Arts, Jane Golden tana shugabanta. Ba a daɗe ba aka jarraba shi. A 1997 rikici ya tashi tsakanin farare da baƙaƙe a unguwar Grays Ferry, har labarin ya game ƙasar. Ma'aikatan suka bi gida-gida suna neman mutane su yarda a ɗauki hoton hannuwansu, waɗansu suka rufe musu ƙofa, waɗansu suka amince. Zanen da ya fito a 1998 hannuwa ne na yara da manya, farare da baƙaƙe, an ɗora su wuri guda. Bai kashe gabar da ke unguwar ba, amma ya zaunar da mutanen da ba sa ga-maciji a ɗaki ɗaya, abin da ya gagara a da.

Wata dabara kuma ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba za su iya hawa tsani ba. Maimakon a yi zanen kai tsaye a bango, sai a yi shi a kan wani irin yadi marar nauyi, a yanka shi gida-gida, a shata kowane gida a sa masa lambar launi. Ɗan firamare da tsohuwa da majinyaci duk za su iya zama a tebur su cike rabonsu, daga baya gwanaye su haɗa yadin su manna shi a bango da gam. Ta wannan hanya ce fursunonin gidan yarin Graterford suka shiga aikin. A 2004 aka haɗa su da mutanen da aka taɓa zalunta ko aka kashe musu 'yan'uwa domin su yi zane ɗaya, amma ɓangarorin biyu suka kasa daidaitawa a kan abin da za a zana, ƙarshenta sai bango biyu aka yi, kowa da nasa. A 2009 kuma aka buɗe shirin koyar da sana'a ga samarin da suka fito daga kurkuku ko kotu ta sa a ke lura da su, inda a ke biyansu suna koyon kafinta da gyaran bango da fenti.

Iyakar Abin Da Fenti Zai Yi

Kada mai karatu ya ɗauka zane ya warkar da birnin. Gwamnatin da ta kafa shirin a 1984, ita ce 'yan sandanta suka jefa bam a kan gidan ƙungiyar MOVE ran 13 ga Mayu, 1985, mutum 11 suka mutu, biyar daga cikinsu yara, gidaje 61 suka ƙone. A shekarun 2010 kuma kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na birnin yana cikin talauci. Akwai masu sukar cewa zane kan rufe ido daga rashin gidaje da makarantu masu kyau, kuma unguwar da ta yi kyau takan jawo masu kuɗi, haya ta tashi, talakan da ya shafa fentin ya rasa wurin zama.

Duk da haka abin da shirin ya tabbatar ba ƙarami ba ne. Yaron da ke rubuta sunansa a bango da tsakar dare so ya ke a san da zamansa a gari. Hukumar Filadalfiya ta ba shi hanyar yin haka da rana tsaka, ta yafe masa, ta biya shi lada, ta haɗa shi da babban da zai koya masa aiki, kana ta sa ya zauna gaban dattawan unguwarsu ya ji abin da su ke so. Waɗannan abubuwa huɗu su ne ginshiƙin aikin, su ne kuma biranen da ke aiko da wakilai domin koyon shirin ya kamata su fara ɗauka kafin su sayi fenti.