Daɓe da Tanki a Gidajen Bawku: Aikin Rani, Hukuncin Damina

A Bawku, da zarar hunturu ya shigo, sai tulin yashi da tsakuwa su fara bayyana a ƙofar gidaje. Wani zai daɓe tsakar gida da siminti, wani zai kafa rumfar kwano don shan iska, wani kuma zai haƙa tankin ƙasa saboda ƙarancin ruwan da ke zuwa da bazara. A unguwannin masu hali na Akra, irin wannan rami kan zama wurin ninƙaya. A nan arewa ruwa ya fi ƙarfin wasa, kuma duk wanda ya ga tsofaffin rijiyoyin Salaga ya san tun yaushe mutanen yankin ke fama da neman wurin adana shi. Amma ginin iri ɗaya ne, ramin kankare da ake so ya riƙe ruwa, da fili a gefensa da ake so ruwa ya gudu daga kansa. Matsalar ita ce ana yin aikin a watannin da ba a ganin ɗigon ruwan sama, a biya magini kuɗinsa duka, a yi sallama, alhali ba a san ingancin aikin ba sai an yi ruwan farko. Shi ya sa nake ganin abin da ya kamata mai gida ya tsaya a kai wajen ɗaukar ɗan kwangila shi ne yadda za a biya kuɗin, tun kafin a zo ga nawa ne.

Dalilin yana cikin halin siminti kansa. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. A kwana bakwai na farko dole a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, a rufe shi da buhu ko leda. To iskar hunturu a Bawku busasshiya ce, zafin Maris da Afrilu kuma yakan haura 40 a ma'auni. Daɓen da aka zuba aka bari a wannan yanayi zai yi kyau a ido mako guda, sannan ya fara tsattsagewa. Haka gangara take. Idan ba a karkata daɓen da kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa rariya ba, ruwan Agusta zai kwanta a gindin bango, ya jiƙa harsashi, ya tara sauro. Tanki ya fi haɗari. Rami mai tsawon mita uku, faɗin biyu, zurfin biyu, yana ɗaukar lita 12,000, wato nauyin tan goma sha biyu yana danna bango da ƙasa dare da rana. Idan an rage rodi, ko an yi wa buhu ɗaya yashin buhu biyu, mai gida ba zai gane ba ranar da ake shafe bangon sumul. Duk waɗannan kurakurai ɓoyayyu ne a rani.

Saboda haka a raba kuɗin jinga kashi-kashi, a rubuta a takarda da shaidu biyu. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, daidai abin da zai ɗauko leburori. A biya wani kaso bayan haƙa, wani bayan an ɗaure rodi mai gida ya gani da idonsa kafin a zuba kankare, wani bayan shafe. Sannan a riƙe kamar kashi ɗaya cikin goma har sai an cika tankin an bar shi mako guda ba tare da ruwan ya ja baya ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a daɓen ya fita ta inda aka tsara. Wannan ba sabon abu ba ne. A manyan kwangilolin gwamnati ana riƙe kashi biyar zuwa goma cikin ɗari har wata shida ko shekara don gyaran abin da ya lalace. Abin da ya dace da ginin makaranta ya dace da gidan talaka, wanda ma ba shi da halin sake aiki sau biyu.

Za a ce rubutu tsakanin mutanen da ke sallah a masallaci ɗaya rashin yarda ne, musamman a zango inda magini kan zama ɗan'uwa ko suruki. Na fahimci wannan kunya, amma ita ce ke raba zumunci daga baya, lokacin da kowa ke rantsuwa a kan abin da ya tuna. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Takardar kuma magini ma take karewa, domin masu gida da yawa kan ƙaro aiki a tsakiya, yau dakali gobe matakala, su ƙi ƙara ko sisi.

Ƙorafin da ya fi nauyi na maginin ne. Mutum ne mai cin gumin yini, leburorinsa na jiran kuɗinsu da yamma, farashi kuma ba ya tsayawa. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuma siminti, ko na Ghacem ne ko Dangote ko na masana'antar Buipe, sai ya sha doguwar hanya kafin ya iso Bawku. Ga dokar hana fita da ake sawa saboda rikicin garin, wadda ke rage sa'o'in aiki, wani lokaci ta hana motocin kaya shigowa. Zalunci ne a ɗora wa magini wannan duka. Mafita ita ce mai gida ya sayi kaya da kansa, ya yi jinga a kan aikin hannu kaɗai, ya riƙa ƙirga buhunan da aka zazzage kowace yamma. Kason da za a riƙe ya fito daga ladan maginin, kada ya taɓa haƙƙin leburori, wa'adin gama aiki kuma ya bar sarari ga ranakun da gari ya rufe. Magini mai tabbacin aikinsa ba ya tsoron wannan sharaɗi, kuma hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a roƙe shi ya nuna daɓen da ya yi wanda ya ga damina biyu.

A takardar a saka nisan tanki daga masai, da murfi mai nauyi da yaro ba zai iya ɗagawa ba, da inda rariya za ta zubar don kada ta malala gidan maƙwabci. Idan aikin ya haɗa da sabon gini, dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta wajabta neman izini daga majalisar gari, don haka a rubuta wanda zai je neman takardar da wanda zai biya kuɗinta.