Zakin Dutse da Yaran Reggio Emilia

A dandalin San Prospero da ke birnin Reggio Emilia, arewacin Italiya, akwai zakunan dutse a ƙofar coci. Malaman wata makarantar ƙananan yara sun taɓa kai ɗalibansu wurin ɗaya daga cikinsu. Yaran suka hau bayansa, suka shafa gezarsa, suka leƙa bakinsa. Da aka koma aji sai aka ce su zana shi, daga baya kuma su gina shi da yumɓu.

Dabarar tana cikin wannan sauyin kayan aiki. A kan takarda, yaro na iya zana zaki da ƙafa biyu ya wuce abinsa, babu mai ce masa uffan. Yumɓu kuwa ba ya yarda. Idan ƙafafu sun yi siriri zakin zai durƙushe, idan kai ya yi nauyi zai kife. Dole yaron ya tambayi kansa yadda bayan zakin yake, da inda nauyinsa ya sauka. Ba wanda ya ba shi amsa, kayan aikin ne suka tilasta masa tunani. Malama ba ta karɓe yumɓun ta gyara, sai dai ta tambaya: "Me ya sa ya faɗi?" A ganina nan ne aikin ya fi wuya, domin hannun babba ƙaiƙayi yake idan ya ga yaro na fama.

Wannan tsarin koyarwa ya samo asali ne a 1945, lokacin da iyaye a ƙauyen Villa Cella suka sayar da tankar yaƙi da dawakan da sojojin Jamus suka bari, suka gina makaranta da hannunsu. Wani matashin malami, Loris Malaguzzi, ya shiga cikinsu, kuma a 1963 hukumar birnin Reggio Emilia ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara. Daga baya aka ware wa makarantun ɗakin zane da ƙere-ƙere, tare da malami mai ilimin fasaha.

Malaman suna rubuta kalaman yara yadda suka fito daga bakinsu, su ɗauki hotunan aikin mataki-mataki, su liƙa a bango. Yaro ya ga zakinsa na makon jiya, ya gane da kansa abin da zai sake.

Kayan ma ba sai masu tsada ba. Tun 1996 birnin ke da cibiyar Remida, inda ake tara ragowar yadi, katako da waya daga masana'antu, makarantu su zo su ɗiba.