Sabulun Ƙarfe da Yadda Ake Auna Haɗarin Gobararsa

Duk wanda ya taɓa wanki da ruwan irin rijiyar nan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, ya san wani farin abu mai kama da tsinkakkiyar madara, wanda ya kan taso bisa ruwan ya manne a gefen bokiti. Mu kan ce ruwan ya cinye sabulun. To, wannan farin abu da muke zubarwa, akwai manyan ma'aikatu a duniya da ke yinsa da gangan, su ɗura a buhuna su sayar. Masana suna kiransa sabulun ƙarfe. Nufina a nan in bayyana ko mene ne shi, da yadda ake gane ko zai jawo gobara.

Mene ne sabulun ƙarfe?

A cikin kowane mai da kowane kitse akwai wani irin asid. Wani Bafaranshe mai suna Chevreul shi ya bi diddigin wannan, ya buga littafinsa a 1823. Kitsen shanu, irin na dabbobin da ake kawowa kasuwar shanu ta Mubi, yana da asid da ake kira sitiyarik. Manja kuwa yana da wanda ake kira falmitik. In aka dafa mai da ruwan toka, sai asid ɗin ya haɗu da fotasiyum na cikin tokar, a sami sabulun salo. In da soda aka dafa, sodiyum ne ke shiga, a sami sabulu mai tauri na kanti. Waɗannan biyu suna narkewa a ruwa, shi ya sa suke kumfa.

Amma in aka sa wani ƙarfe dabam a gurbinsu, kamar kalsiyum, ko tutiya, ko alminiyum, sai a sami sabulun da ba ya narkewa a ruwa ko kaɗan. Abin da ke faruwa cikin bokitin wanki ke nan: kalsiyum na ruwan rijiyar ya ture sodiyum ya zauna a wurinsa. In an busar da shi ya kan zama farin gari mai laushi da santsi, ruwa ba ya jiƙa shi.

Muna amfani da shi kullum ba mu sani ba. Ana sa na kalsiyum cikin bututun roba na famfo, na tutiya cikin taya da fenti, na magniziyum cikin ƙwayoyin magani don kada su manne wa injin da ke buga su. Giris ɗin da makanikai ke shafa wa mota, mafi yawansa baƙin mai ne aka kaurara da sabulun litiyum.

Abu ɗaya, hali uku

In aka tambaye ka ko sabulun ƙarfe yana cin wuta, kada ka yi saurin amsawa. Tukuna ka tambaya a wane hali yake, domin halinsa uku ne, kowanne da awonsa.

Na farko, yana tsibe cikin buhu. A nan masana su kan ɗumama shi sannu sannu, suna gitta masa ƙaramar wuta, har su ga zafin da tururinsa zai fara kamawa. Sabulun tutiya yana narkewa a wajen digiri 130 na ma'aunin Santigired, watau ya ɗara zafin tafasasshen ruwa, wanda yake 100. Tururinsa ba ya kamawa sai ya kai wajen 277, kuma ba ya kamawa da kansa ba tare da an kusanto da wuta ba sai wajen 420. Ku gwada da kananzir, wanda tururinsa ke kamawa tun daga wajen 38, ko fetur, wanda ke kamawa ko da sanyi ya fi na ƙanƙara nesa. Ashe a tsibe haɗarinsa kaɗan ne. Amma in gobara ta riga ta tashi a sito, zai narke ya malala yana ci kamar mai, gama asalinsa mai ne.

Na biyu, ya zama ƙura a cikin iska. Nan babban haɗarin yake. Kowa ya san gungumen itace ba ya kamawa da ashana, amma in an faskara shi ƙanana sai ya kama nan da nan, saboda iska ta sami wuraren taɓa shi da yawa. Gari kuwa ya fi kowane faskare ƙanƙanta. In ya tashi sama, kowace ƙwaya iska ta kewaye ta, sai wuta ta tsallaka daga wannan zuwa waccan cikin ƙiftawar ido. Zafin ya kumbura iskar ɗakin, in ba ta sami mafita ba sai ta tsaga bango.

Don auna wannan, a kan zuba garin cikin wani tulun ƙarfe mai cin lita 20, a hura shi ya zama ƙura, kāna a kunna. Abin da ake nema a sani huɗu ne: ƙarancin ƙurar da za ta iya fashewa, da ƙanƙantar tartsatsin da zai tashe ta, da ƙarfin fashewar, da saurinta. Bisa ga saurin ne aka kasa ƙura rukuni uku, na uku ya fi muni. Ba a dogara da sunan gari kaɗai, sai an auna wanda ke hannu, domin gwargwadon laushinsa da bushewarsa, gwargwadon haɗarinsa.

Ga lissafi ga masu son lissafi. An auna cewa giram 20 na sabulun tutiya cikin iska mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi ya isa fashewa. Ajin da tsawonsa mita 8, faɗinsa 7, tsayinsa 3, yana ɗaukar irin wannan awo 168. In ka riɓa 168 sau 20 za ka sami giram 3,360. Watau garin da bai kai kilo uku da rabi ba, in ya watsu daidai, ya isa ya rushe aji. Tartsatsin da zai tashe shi kuwa ba mai yawa ba ne. Irin wanda kake gani cikin duhu in ka tuɓe rigar leda da hunturu yana iya isa.

Na uku, an gauraya shi da wani abu. A 1942, a Jami'ar Harvard ta Amurka, Louis Fieser da abokan aikinsa suka kaurara fetur da sabulun alminiyum, aka sami makamin nan napalm. Fetur ɗin ne ke ci, sabulun kuwa ya sa shi ya manne ya daɗe yana ci. Haka kuma a kan sa sabulun kobalt cikin fenti da banis don su bushe da wuri. Bushewar nan haɗuwa ce da iska, tana kuwa fid da zafi. Tsummokaran da aka goge irin wannan mai da su, in aka tara su a lungu, suna iya ɗumama har su kama wuta ba wanda ya kunna. Kafintoci da masu fenti su lura, su riƙa shanya su ɗai ɗai a fili ko su tsoma su a ruwa.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Fashewar ƙura ba ta sabulun ƙarfe kaɗai ba ce, kowane gari mai cin wuta yana yi. A 1785, a birnin Turin na Italiya, ƙurar fulawa ta kama daga fitila a wani gidan burodi ta fashe. A 1878 injin niƙan alkama na Washburn a Minneapolis ta Amurka ya tarwatse, mutum 18 suka mutu. Ran 7 ga Fabrairu 2008 ƙurar sukari ta fashe a ma'aikatar Imperial Sugar da ke jihar Jojiya, mutum 14 suka rasu. Masu bincike sun gano fashewar farko ta girgiza ginin, ta tayar da ƙurar da ta daɗe kwance bisa katako da injuna, sai wuta ta bi ta ɗaki ɗaki. Saboda haka masana suka ce ƙurar da kaurinta ya kai milimita ɗaya a kwance ta isa a share.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce ina ruwanmu, tun da ba mu aiki a irin waɗannan ma'aikatu? To, a Yelwa da sauran unguwannin Mubi akwai injunan niƙa, da masu burodi, da masu yankan katako, duk kuwa ƙura suke tayarwa. Fashewa tana bukatar abu biyar su haɗu: gari mai ci, da iska, da tartsatsi, da tashin garin sama, da rufaffen wuri. In ka raba ɗaya da sauran, ka tsira. Don haka a riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a kaɗe ta, a bar tagogi buɗe, a gyara wayar lantarki da ta zare, kada kuma a shiga da taba ko fitilar kwai. In wuta ta kama tsibin gari, kada a watsa masa ruwa da ƙarfi, don zai tashi sama ne. A yayyafa a hankali, ko a rufe da yashi.

Malamin da aka ba ajiyar ɗakin kimiyya, ya nemi takardar bayanin haɗari ta kowane sinadari. Kashi 16 gare ta: na 5 yana faɗin yadda ake kashe wutarsa, na 7 yadda ake ajiye shi, na 9 kuwa awon zafinsa.

Ku da za ku fita koyarwa, ga gwaji mai sauƙi. Ku fita fili inda ba iska, yara su tsaya nesa. Ku kai ashana kan cokali ɗaya na fulawa, za ta ɗan babbake ta mutu. Sa'an nan ku hura ɗan kaɗan ta dogon bututu bisa kyandir, fuskarku nesa da shi, yara za su ga wuta ta yi bal. Cikin yaran nan akwai waɗanda gobe za su tsaya gaban injin niƙa, ko su shiga ma'aikatun roba na Kano. Wanda ya ga wannan da idonsa yana yaro, da wuya ya kunna ashana cikin ƙura. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.