Rajistar Baƙin Otal da 'Yan Sanda: Hukuncin Los Anjalis

Dokar birnin Los Anjalis a Amurka ta wajabta wa masu otal su rubuta sunan kowane baƙo, da adireshinsa, da lambar motarsa, da yadda ya biya kuɗin ɗaki, su adana na kwana 90. A da, duk ɗan sandan da ya nemi ganin rajistar, dole a miƙa masa nan take. A lokacin, mai otal da ya ƙi yana iya shan ɗaurin wata shida da tarar dala 1,000.

Wasu masu otal suka kai ƙara, shari'ar da aka sani da sunan Patel. A watan Yunin 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta soke tanadin miƙa wa 'yan sanda rajista nan take, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta cewa dokar ta saɓa wa Gyara na Huɗu na tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana bincike ba bisa ƙa'ida ba, domin ba ta ba mai otal damar kai ƙorafi gaban wani mai yanke hukunci marar ɓangare ba kafin a hukunta shi.

Sai dai haƙƙin da aka kare na mai otal ne, tunda rajistar dukiyarsa ce. In ya ga dama ya buɗe wa 'yan sanda ita da kansa, baƙo ba shi da ta cewa.