Gaskiya ko Jita-jita: Ɗanyen Abinci Zalla Zai Riƙe Ɗalibi a Daura?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗalibi ba ya ɗora tukunya sai ya yi lissafin gas ko gawayi. Ɗalibai kuma sun ƙaru a Daura: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga Jami'ar Sufuri, ga Kwalejin Yusufu Bala Usman da ta riga su. Masu zaman haya a Kusugu da sauran unguwannin gari suna cin karo da bidiyo a TikTok da Facebook, inda wani ke rantsuwa cewa ya daina hura wuta kwata-kwata, ganye da 'ya'yan itace kaɗai yake ci, ya samu lafiya, kuɗinsa kuma sun yi auki. Maganar akwai daɗin ji, amma bari mu auna ta.

An ce ɗanyen abinci ya fi araha. Jita-jita ce, lissafi kaɗai ya isa ya rushe ta. Matashi na buƙatar kalori 2,000 zuwa 2,500 a yini. Giram 100 na jan kankana kalori 30 ne, na kokwamba wajen 15, na gero kuwa ya haura 350, na gyaɗa ya haura 550. Wanda zai nemi kalori 2,000 daga kankana kaɗai sai ya cinye fiye da kilo 6, ban da ɓawo. Wane ciki ne zai ɗauka, wane aljihu ne zai jure har ƙarshen zango? Kayan lambu kuma 'yan lokaci ne. Da sanyi, in kayan noman rani suka shigo, latas da karas da tumatir sai su yi arha. Da damina tumatir ya zama na mai hali. Gero da wake kuwa ka saye su da kaka, su zauna a lungun ɗaki wata da watanni ba su nemi firji ba. Abin da aka tsira da shi na gawayi, mai kayan marmari ne zai karɓe shi, har da ƙari.

An ce wuta tana kashe amfanin abinci. Nan akwai ƙamshin gaskiya. Bitamin C ba ya son zafi, kuma in aka bar alayyafo ya daɗe yana tafasa aka zubar da ruwan, an zubar da wani kaso na amfaninsa. Amma ba nan zancen ya tsaya ba. Sinadarin laikofin da ke cikin tumatir ya fi shiga jiki in an dafa shi da ɗan mai. Haka karas: dafaffe ya fi sakin abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Hatsi kuwa, wuta ce ke buɗe sitacinsa har hanji ya iya narkar da shi. Richard Wrangham na Jami'ar Harvard ya rubuta littafi sukutum a 2009 a kan cewa girki ne ya bai wa ɗan Adam damar samun ƙarfi mai yawa daga abinci kaɗan. Batun enzayim na ɗanyen ganye da ake ta yayatawa, shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba, domin ruwan tsamin ciki yana wargaza yawancinsa, jiki kuma yana ƙera nasa.

Samarin da ke ɗaga ƙarfe su fasa ɗanyen ƙwai su kwankwaɗe, su saurara. Wani bincike da aka yi a Beljiyam a 1998 ya nuna jiki na cin moriyar kusan kashi 91 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kashi 51 kacal. Wato ka biya kuɗin ƙwai biyu ka amfana da ɗaya, ga kasadar ƙwayar salmonela a kai.

Akwai masu kafa hujja da cewa kakanninmu ɗanye suke ci, shi ya sa suka yi ƙarko. Wannan ita ta fi ba ni mamaki, don duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya ga yadda ake yi. Fura sai an dafa ƙullin kafin a kirɓa. Zogalen kwaɗo dafaffe ne, haka rama. Ƙuli-ƙuli ya sha suya. Garin kwakin da ɗalibi ke jiƙawa da sukari ya bi ta kan wuta tun a inda aka yi shi. Gumba ce ɗanya, ita kuma ba wanda ya taɓa mai da ita abincin safe da rana da dare. Abin da iyayenmu ke ci ɗanye shi ne goruba, magarya, kanya, ɗinya, aduwa, aya, gurji, yalo, ƙwamen kuka mai tarin bitamin C, duk kuwa a gefen tuwo.

Wasu abubuwan ma cin su ɗanye ganganci ne. Wake na ɗauke da sinadaran da ke hana narkewar furotin, dafuwa ce ke karya su. Rogo mai ɗaci na da gubar sayanaid, sai an jiƙa, an matse, an dafa. Madarar da ba a tafasa ba tana iya kawo tarin fuka na shanu da cutar da makiyaya ke kira bakkale, abin lura ga Daura da ke maƙwabtaka da kasuwar dabbobi irin ta Mai'aduwa. Kindirmon da aka tafasa madararsa kafin ta kwana ya fi aminci. Sai babbar magana, ruwa. Gari irin Daura da tarihinsa ya ratayu a kan rijiya ba ya buƙatar a koya masa darajar ruwa, amma latas ɗin da aka yayyafa wa ruwan kwata a lambu, aka ɗauraye a bokiti guda tun safe, bai san tarihi ba. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Katsina kuma na cikin jihohin da abin ya taɓa sosai.

To waɗanda suka daɗe a kan ɗanye zalla fa, me ya same su? An bi diddiginsu a Jami'ar Giessen ta Jamus, aka buga sakamakon a 1999. Maza sun zube da kusan kilo 10, mata kilo 12, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Waɗannan fa mutane ne masu kuɗin sayen kowane irin kayan marmari a kowane wata na shekara. In an bar nama da ƙwai da nono kuma, bitamin B12 ya tafi, don tsiro ba ya bayar da shi. Ɗalibin da da ma ramewar makaranta ta kama, mai jarrabawa a gaba, ba shi da kilo 10 na asara.

Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce yawancin ɗalibai ba sa cin kayan lambu yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, ba ta ce sai ɗanye ba. Ɗalibi ya dafa shinkafa da wakensa ko ɗanwakensa sau ɗaya, ya yanka tumatir da albasa da kabeji a kai bayan ya wanke su da kansa da ruwa mai tsabta, ya bi kakar mangwaro da ta gwaiba da ta kankana lokacin da suke arha. In gas ya yi tsada, 'yan ɗaki su haɗa kuɗi su yi tukunya ɗaya.