Zamzam a Kudai: Inji Ya Karɓi Aikin Masu Jarka

Alhajin da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da jarkar zamzam mai lita 5 cikin kwali, daga Kudai tsarabarsa ta fito. Unguwa ce a kudancin Makka, kimanin kilomita 4.5 daga Harami. A nan Sarki Abdullahi ɗan Abdul'aziz ya buɗe masana'antar ɗura zamzam cikin azumin 2010, bayan ta ci Riyal miliyan 700.

Ta bututu ruwan yake zuwa daga rijiya. A tace shi, a kashe ƙwayoyin cuta, sannan inji ya ɗura, ya rufe baki, ya sa a kwali. Jarka 200,000 ake iya ɗurawa a rana. Rumbun ajiyar ma yana ɗaukar jarka miliyan ɗaya da rabi, kuma ba ɗan dako ke jera su ba. Kwamfuta ce ke umartar na'urorin ɗaga kaya, ita ta san inda kowane kwali yake.

Da can wannan aikin hannu ne. Zamazima, gidajen Makka da suka gaji shayar da alhazai kaka da kakanni, da tulunan ƙasa suke yi. Su dai an haɗa su ƙarƙashin ofishi guda, har yau suna kai ruwa masaukin alhazai. Waɗanda ba su da wannan gata su ne masu cika jarkoki a famfo su sayar a bakin titi, cikinsu har da 'yan Takari. Tsafta ta samu, algus ya ragu, wannan babu musu. Amma abincin wasu ya tafi tare da tsohuwar jarka.

Aikin da ya rage na mai gyaran inji ne, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da mai lura da allon kwamfuta. Duk suna buƙatar takardar makaranta da iƙama, kuma tun 2011 tsarin Niɗaƙat ke tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa. Wanda ya girma a Makka ba takarda, ƙofa biyu ke nan a rufe.

Kudai somin taɓi ce. A 2022 ma'aikatar masana'antu ta Saudiyya ta ƙaddamar da shirin mayar da masana'antu 4,000 masu aiki da na'ura, don rage dogaro da leburori baƙi.