Ciwon karkarwa: daga hanji zuwa ƙwaƙwalwa

A ƙauyuka da yawa akwai tsoho mai karkarwar hannu. Tafiyarshi ta yi nauyi, jikinshi ya ƙage. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce iskoki. A wurin likitoci kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Wani likitan Ingila, Jems Fakinson, shi ya bayyana shi a 1817. Don haka ciwon ya ci sunanshi.

Mi ke cikin hanji?

Cikin hanjin kowane mutum akwai ƴan ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai da madubin likita. Yawansu ya wuce ƙirga, amma nauyinsu duka bai fi giram 200 ba. Galibinsu masu amfani ne. Suna taya ciki narka abinci. Suna kuma horar da sojojin jiki, wato masu yaƙi da cuta.

In waɗannan halittu suka rikice, hanji na iya kumbura. Sai sojojin jiki su harzuƙa. Faɗan da ya daɗe yana ɓata gida: har ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa.

Abin da masana suka gano

Akwai wata doguwar jijiya da ta haɗa ciki da ƙwaƙwalwa. A 2003 wani masanin Jamus, Haiko Birak, ya kawo shawarar cewa ciwon na iya farawa a hanji, sannan ya bi jijiyar ya hau sama. Masu ciwon da yawa sun yi fama da taurin bayan gida shekaru kafin karkarwa ta bayyana.

A 2016, a Amurka, an gwada da ɓeraye masu saurin kamuwa da irin wannan ciwo. Waɗanda ba su da halittun hanji sun fi lafiya. Da aka sa musu na hanjin masu ciwon, sai motsinsu ya ƙara lalacewa.

Abin yi

Halittun kirki na son gero, wake, kuɓewa, zogale da miyar kuka. Ƙwayoyin kashe cuta da ake saye a tebur ba izinin likita suna kashe su.

Abinci ba ya warkar da ciwon karkarwa, amma asibiti na da maganin da ke sassauta shi. Ciwon ba ya yaɗuwa. Kada a guji tsoho, kada a zargi maƙwabci. A kai shi wurin likita da wuri.